Yadda ake kula da ƙaramar ƙuna a gida: ruwa tukuna, sauran daga baya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Garwa ta arewacin Kamaru nake, kuma na daɗe ina suyar ƙosai da makala a ƙofar gida da safe, to kun san wadda take zama gaban kaskon mai kullum ita da ƙuna sun saba, bayan hannuna duk ɗigo-ɗigon tabo ne. Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba nawa ba ne, na autata ne. Tana da shekara uku lokacin, da hunturu ne, na sauke butar shayi daga kan gawayi na ajiye a ƙasa na juya zan ɗauko kofi, kafin in waiwayo ta yi tuntuɓe da ita ruwan ya kwarara mata a ƙwauri. Ihun da ta yi shi ya tara matan gidan, wannan ta ce a kawo makilin, waccan ta ce a fasa ƙwai, goggona ta ce manja da ɗan gishiri, ni kuma hankalina ba ya jikina duk abin da aka miƙo min shafawa kawai nake. Wallahi a cikinmu babu wadda ta ce ruwa, alhali ga randa nan cike a gefenmu.

Da muka isa dispanser, wato ƙaramin asibiti, sai da infirmiye, ma'aikacin jinya, ya wanke duk abin da muka laɓta kafin ya iya ganin ciwon ma, kuma kukan da yarinyar ta yi a wankin nan ya fi wanda ta yi lokacin ƙunar. Bayan ya gama ya ce min Hajiya da ruwa kawai kuka zuba mata da ba ta sha wannan wahalar ba. Maganar ta zauna min. Tun daga nan na dinga tambaya ina koyo, ga abin da na riƙe, zan yi magana da ke uwa ko yaya ko mai aikin murhu, amma maza ma ku karanta don salansar moto, wato babur, da dutsen guga ba su bar ku ba.

Daƙiƙun farko

Ki raba mutum da abin da ya ƙona shi. In tufa ce ta kama da wuta kar ki bari ya ruga da gudu, gudu iska yake ba wutar ta ƙara ci, a kwantar da shi ƙasa ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo ko zani mai kauri na auduga, ko a kwara masa ruwa. Hijabi da mayafi na roba-roba su ne masu haɗari don narkewa suke su manne a fata, shi ya sa ni ba na zama gaban kasko da dogon hijabi. In kuma man suya ne ya kama a cikin kasko, dan Allah kar ki zuba masa ruwa, tashi zai yi ya watsu miki a fuska, ki kashe gas ko ki janye itacen, ki rufe kaskon da murfin tukunya ko faranti na ƙarfe ki bar shi ya mutu da kansa. In wutar ta fi ƙarfinku ku fita, lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce.

In kuran ne, wato wutar lantarki, ya kama mutum kar ki taɓa shi da hannu, ki kashe wutar daga mita ko ki ture wayar da busasshen icce.

Sai ki cire kayan da suka jiƙe da ruwan zafi ko kunu ko miya, da sauri, don tsumman da ya sha ruwan zafi ci gaba yake da dafa fata. In cirewa ta kai zai goge ciwon ki sa almakashi ki yanke rigar, riga ba ta kai fata ba. Abin da ya riga ya manne da naman ki bar shi a nan, ki yanke kewayensa kawai. A yaro ki duba pampas ko wandonsa, ruwan zafi yana gangarawa ya taru a ciki ba a lura ba. Zobe, awarwaro, agogo, jigida, abin ƙafa, laya ko guru in akwai kusa da wurin, a cire su yanzu-yanzu tun wurin bai kumbura ba, in yatsa ya kumbura da zobe a jiki sai an yanke zoben kuma yana iya tare jini.

Ruwa, minti 20

Nan ne duk maganar take. Fata kamar tukunyar ƙasa ce, ko kin sauke ta daga wuta tana nan tana ci gaba da tafasa na ɗan lokaci. Zafin da ya shiga yana nan yana cin naman ƙasa ko da an ɗauke abin da ya ƙona, ruwa shi ne yake zuƙe zafin ya fitar, shi yake hana ƙunar da ta tsaya a sama ta nutsa ta yi zurfi, kuma shi ne maganin raɗaɗi na farko, kina zubawa za ki ji kukan yaro ya fara sauka. Ba banza aka ce ruwa abokin aiki ba.

Ruwa mai sanyi daidai ake so, irin na randa ko na famfo da safe ko na rijiya. Ki zuba shi a hankali yana gudana a kan wurin har minti 20 cif, ki duba agogon waya, don in ba ki duba ba minti uku za ki yi ki ɗauka kin daɗe, ni na gwada na gani. In kin tsaya kika ji raɗaɗin ya dawo ki ci gaba. Kuma ko an makara, misali an yi ta rige-rige an manta ko yaro ya ƙone kina kasuwa, matuƙar ba a wuce awa 3 ba ruwan yana da amfani, a zuba.

Na san wata za ta ce ina muka ga ruwan da za a sake minti 20, mu da famfo yake kwana biyu bai kawo ba muna sayen bido-bido, wato jarka-jarka, wurin mai kura. Ga yadda nake yi. Ki ajiye baho mai tsabta a ƙasa, ki sa hannun ko ƙafar a samansa, ki dinga zubawa da buta ko moɗa siriri-siriri, buta ta fi don tana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, abin da ya taru a bahon ki sake ɗiba ki zuba, in ya fara ɗumi ki zubar ki ɗebo sabo. Da bokiti ɗaya ko biyu za ki cika minti 20. In hannu ne ko yatsa ana iya tsoma shi cikin kwanon ruwa a dinga motsawa ana sauya ruwan. In wurin da ba ya tsomuwa ne kamar kafaɗa ko ƙirji, ki jiƙa tsumma mai tsabta ki ɗora ki dinga sauyawa duk bayan ɗan lokaci kaɗan, kar ki bar shi ya ɗumame a jiki. Ruwan leda ma yana yi, a huda a dinga matsawa.

Abu biyu da ya shafe mu nan arewa. Na ɗaya zafin Maris da Afrilu, mutanen Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena kun san yadda ruwan famfo ko na tanki ko bidon da ya yini a rana yake fitowa da tsakar rana kamar an dafa shi, to ki taɓa da hannunki tukuna, in da ɗumi ki koma randa. Na biyu hunturu, musamman mutanen Gaundare da sanyinsu ya fi namu, ƙaramin yaro jikinsa yana saurin yin sanyi fiye da kima, saboda haka ciwon kaɗai za ki sanyaya, sauran jikin ki lulluɓe da zani ko bargo ki rungume shi, kar ki tsoma jariri gaba ɗaya cikin baho. In ya fara karkarwa ko leɓensa ya sauya launi ki dakata ki ɗumama shi.

Ƙanƙara kuma a'a. Na san ita ce ke fara zuwa wa mutum a rai in akwai firigo ko mai sayar da ita a maƙwabta, amma sanyinta yana matse jijiyoyin jini a wurin da yake buƙatar jini, sai ta ƙara kashe fatar da ta riga ta jigata. Ruwan firigo mai sa haƙori tsami shi ma ki surka shi da na randa.

Addu'a ki yi ta yi kina zuba ruwan, ba sa hana juna, amma in za a yi tofi kar a tofa yawu a kan buɗaɗɗen ciwo.

Abubuwan da za a miƙo miki

Kina cikin zuba ruwan nan gida zai cika, kowa da maganinsa kuma kowa don ƙauna yake yi, wannan shi ne wuri mafi wuya don musa wa uwar miji ko goggo a gaban mutane ba abu ne mai sauƙi ba. Ni abin da nake cewa, Inna ki bari mu gama da ruwan tukuna, likita ne ya ce haka. Kafin minti 20 su cika hankalin kowa ya kwanta.

Makilin yana ba da sanyi-sanyi a fata shi ya sa aka yarda da shi, amma sanyin na yaudara ne, ba ya fitar da zafin ciki, bushewa yake ya ƙame a kan ciwon sai an kankare. Manja, man gyaɗa, man shanu, man kaɗe, duk mai ne, in kika shafa a kan fatar da take da zafi kin rufe zafin a ciki. Ɗanyen ƙwai yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Gishiri da kanwa azaba ce kawai a kan ɗanyen nama. Toka, ƙasa, kashin shanu, gashin zomo, garin ganye da ba a san yadda aka shanya shi ba, waɗannan su ne hanyar da tetanos, cutar nan mai sandarar da mutum, yake shiga jiki, garin neman gira a rasa ido. Baƙin man inji da kalanzir da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da samari suke zubawa a gareji in salansa ta taɓa su, guba ne, fetur shi kansa yana ƙona fata. Alkol kar a zuba. Kapso ɗin antibiyotik da ake fasawa a barbaɗa garin a kan ciwo shi ma a daina, na sha ne ba na barbaɗawa ba. Su jan magani da shuɗin magani masu rina fata, matsalarsu suna ɓoye launin ciwon, sai a je lopital, wato asibiti, likita ya kasa gane zurfinsa ko ya fara ruɓa.

Zuma ita ce mutane za su fi yi min musu, tunda muna da ta Adamawa mai kyau kuma an san tana warkar da ciwo. Gaskiya ne ana amfani da zuma a kan ƙunar da ba ta yi zurfi ba, amma wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cikinta don aikin ciwo, kuma bayan an sanyaya wurin an wanke. Ta kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ba ki san me aka haɗa ta da shi ba, ga ƙuda da tururuwa da za ta jawo. Ni ba na sa ta a buɗaɗɗen ciwo sai in ma'aikacin lafiya ya gani ya ce a sa.

Wannan ta gida ce ko ta lopital

Bayan ruwa sai ki tsaya ki kalli ciwon da kyau a cikin haske. Iri uku ne. Akwai wadda fatar ta yi ja ko ta ƙara duhu, tana zafi, ba ta tashi ba, a baƙar fata ba lallai ki ga jan sosai ba sai dai sheƙi da ɗan kumburi da zafi in an taɓa, wannan ta sama ce, cikin kwana 3 zuwa 7 take warkewa ba tabo. Akwai wadda ta tashi ta ɗuri ruwa ko fatar ta saluɓe ki ga jan nama mai damshi, ita ce mafi raɗaɗi, in ƙarama ce kuma an kula da ita tana rufewa cikin sati biyu ko kusa da haka. Sai ta uku, wurin ya yi fari fat ko toka-toka ko baƙi, ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi, kuma mutum ya ce ai ba ya jin zafi sosai. Rashin zafin nan kar ya ruɗe ki, jijiyoyin jin zafin ne suka ƙone, wannan komai ƙanƙantarta ta lopital ce. Ƙunar salansar moto a ƙafa sau da yawa haka take, ka gan ta ƙarama kamar bakin kofi amma ta nutsa, shi ya sa take daɗewa ta zama gyambo a ƙafar 'yan mata da yaran da ake goyawa a moto.

Girma kuma da tafin hannun wanda ya ƙone ake aunawa, ba naki ba. Tafin hannu haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikin mutum. Ƙunar da ta ɗuri ruwa ta kai girman tafin hannunsa ko ta fi, ku tafi lopital. Haka in a fuska ce, ko ido, kunne, wuya, tafin hannu da yatsu, tafin ƙafa, gaba ko ɗuwawu, ko a kan gaɓa irin gwiwa da hammata da gwiwar hannu, ko ta zagaye hannu ko ƙafa ko yatsa kamar awarwaro. Dalilin gaɓa da yatsu shi ne in suka warke ba daidai ba fatar tana ɗamewa, yatsu su manne ko hannu ya ƙi miƙewa, kuma duk mun san wani a unguwa da ya tashi da irin wannan hannun tun yarinta.

Jariri da yaron da bai kai shekara 5 ba, in dai fatar ta tashi, a kai shi a gani, fatarsu siririya ce abin da zai yi wa babba ja kawai su dafa su yake. Tsoho, mai ciki, mai ciwon suga, mai sikila, su ma haka. Mai farfaɗiya da ya faɗa wuta a kai shi, kuma dan Allah in ya faɗi a janye shi nan take, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu. Ƙunar kuran ko da ɗan ɗigo kika gani a waje a tafi, ɓarnar a ciki take kuma tana taɓa zuciya. Soda ta haɗa sabulu, ruwan batir, man gyaran gashi mai ƙarfi, a cire kayan da suka taɓa, in gari ne a kakkaɓe shi tukuna, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 sannan a tafi da kwalbar ko ledar abin a nuna. Wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen ɗaki, muryarsa ta dishe ko yana tari ko gashin hancinsa ya babbake, kar a jira ko minti ɗaya don maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe.

In za ku tafi, ki rufe wurin da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ko sabuwar farar leda da ba a taɓa sa komai ciki ba, a ɗora ta sakwa-sakwa ba a ɗaure tam ba, ban da fuska. Ki ɗauki karne ɗin rigakafin yaron.

In ta gida ce

Ki wanke hannunki da sabulu. Ki wanke wurin a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan sabulu marar turare, ko da ruwan serom, wato ruwan wanke ciwo na farmasi, kar ki dirza, ki ɗan daddanna da kompres, wato ƙyallen rufe ciwo na farmasi, ya tsane. In ja ne kawai fata ba ta buɗe ba, basilin fari marar turare ya isa, ko man ƙuna na Biafine da ake samu a farmasi, ko ruwan cikin ganyen alobera da aka wanke, kuma duk wannan bayan an gama minti 20 na ruwa ne wurin ya huce.

In ta ɗuri ruwa, kar ki fasa. Na san hannu yana ƙaiƙayi a ɗauko allura ko ƙaya ko reza, amma fatar nan da ta tashi ita ce bandejin da Allah ya yi wa ciwon, ƙarƙashinta sabuwar fata take tsirowa ba ƙura ba ƙuda. In ta fashe da kanta ki wanke ki rufe. In babba ce tana hana motsi, infirmiye ne zai buɗe ta da kayan da aka dafa.

Rufewa kala uku ce a jere. Na farko abin da ba ya mannewa, a farmasi ki ce a ba ki tul gra, wato gozi ne mai basilin a jiki, in babu ki shafa basilin mai tsabta da kauri a kan kompres ki kifa. Na biyu busasshen kompres a sama. Na uku bandi a naɗe sakwa-sakwa yadda yatsanki zai iya shiga ƙarƙashi. Auduga kar ta taɓa ciwon kai tsaye, zarenta shiga naman yake, cire ta kuma sai an yi kuka. In yatsu biyu ne suka ɗan taɓu kowanne a naɗe shi daban. Wasu suna cewa a bar ciwo a buɗe ya sha iska ya bushe, to a garinmu da ƙurar hunturu da ƙudan damina ni ban yarda da wannan ba, ciwon da aka rufe da ɗan damshi ya fi saurin haɗewa kuma raɗaɗinsa ya fi sauƙi don iska ma kanta zafi take sa wa ɗanyen nama.

Ki sauya kullum ko bayan kwana biyu, ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti. In kompres ya manne kar ki fizge, ki jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce ki jira ya saki da kansa. Man ƙuna na Flammazine da mutane suke saya suna ajiyewa, magani ne na gaske amma ba na kowa ba, ba a sa wa sabon jariri da mai tsohon ciki da wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan sulfa, ki bari a rubuta miki.

Raɗaɗi

Daren farko shi ne mai wuya. Parasitamol shi ne abin farawa. Babba ƙwaya 1 ko 2 ta miligiram 500 duk bayan awa 6, kar a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, in mutum ramamme ne ko tsoho ko yana da ciwon hanta a rage a tambayi mai farmasi. Yaro da nauyinsa ake aunawa, miligiram 15 a kowane kilo duk bayan awa 6, sau 4 iyaka, yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 150. Siron Doliprane na yara yana zuwa da bututun awo da aka rubuta kilo a jiki, ki ja zuwa kilon ɗanki shi ke nan, ki yi amfani da bututun da ya zo da kwalbar ba na wani siro ba. Ku lura Doliprane da Efferalgan da Panadol duk parasitamol ne suna ne ya bambanta, kar a haɗa biyu a ce wai don ya fi aiki, hanta yake lalatawa.

Ibuprofen ma yana taimakawa, babba miligiram 400 bayan cin abinci har sau 3 a rana, amma ban da mai ciki, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda. Aspirin ba a ba yara. Tramol kuma da ake miƙa wa mutum a tasha ko gareji a ce sha ka ji garau, kar ku fara, mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Magani a saya a farmasi ko wurin lafiya, ba na tire da ya yini a rana ba.

Dabara ɗaya da ta taimake ni sosai, ki ba da maganin kamar minti 30 kafin ki buɗe bandejin, lokacin wanki ya riga ya fara aiki. Sannan ki ɗaga wurin, hannu ko ƙafar da ta ƙone a ɗora kan matashi ta ɗan fi ƙirji tudu, zugin nan mai bugawa kamar ganga yana raguwa. Mai shayarwa ki ba jariri nono lokacin da ake wankin, yaron da ya ɗan girma a goya shi ko a ba shi waya ya kalla ko yayarsa ta yi masa tatsuniya. A sha ruwa da yawa, a ci abin gina jiki, wake, ƙwai dafaffe, kifi, nama, kunun gyaɗa, nono, ƙwan da aka so fasawa a kan ciwon a dafa a ba shi ya ci, can ne zai yi aiki.

Kwanakin da ke biye

Duk sauyin bandeji ki kalla ki kuma sunsuna. Zafi ya kamata ya dinga raguwa kullum. In ya ƙaru bayan kwana biyu ko uku, ko ja da kumburi suna faɗaɗa, ko mugunya, ko wari, ko kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi, ko zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono ya yi laushi yana amai ko zawo, ranar nan za a tafi lopital ba gobe ba. Zazzaɓi a kan ƙuna kar a ce ai maleriya ce a sayo magani a zauna, a je a nuna ciwon. Haka in sati biyu sun cika bai rufe ba, ya fi yadda kika zata zurfi. Ki tambayi maganar allurar tetanos tun ranar farko in fata ta buɗe, musamman babban da bai san yaushe rabonsa da ita ba.

In ya fara warkewa zai yi ƙaiƙayi kamar me, ki yanke wa yaro farce. Yanzu ne lokacin man kaɗe, bayan fata ta rufe ruf ba sauran ɗanyen wuri, ki dinga shafawa kina murzawa a hankali safe da yamma. Sabuwar fatar za ta fito fara-fara ko ja-ja, kar ki tsorata kuma kar ki sa mata man bilicin ko wani haɗi, launin yana dawowa a hankali cikin watanni, ki dai rufe ta daga rana don ranarmu tana sa tabo ya yi baƙi ƙirin. In tabon ya fara tudu yana kauri, ko gaɓa ta fara ƙin miƙewa, a koma a nuna da wuri.

Autata ciwonta ya ɗauki kusan sati uku kafin ya rufe, tabon yana nan a ƙwaurinta. Yanzu butar shayi da filas a kan tebur suke can ciki inda hannu ba ya kaiwa, kaskon turaren wuta ba na ajiye shi a tsakar ɗaki, rushin murhu ina yayyafa masa ruwa in na gama don yaro ba ya bambance toka mai sanyi da mai wuta a ƙasa, ruwan wanka na sanyi nake fara zubawa a bokiti kafin na zafi, kuma kusa da kaskon suyata kullum akwai bokiti ɗaya cike da buta a gefensa, na zuba wa hannu ne in mai ya fallatso.